Yadda Ake Gwada Tasirin Gishiri da Sukari a Kan Ruwa, da Gano Inda Tatar Sifirit Ke Cijewa

Wannan aiki na ɗalibin ilimin sinadarai ne, ko malamin da aka miƙa wa makullin ɗakin gwaji alhali kayan ciki ba su cika ba. Aikin zama biyu ne. A zaman farko za ka narkar da abin da ba ya bin tururi, kamar gishiri da sukari, ka ga yadda yake sauya daskarewar ruwa da tafasarsa. Waɗannan halaye su ake kira koligetif, domin yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwan suke bi, babu ruwansu da irin ƙwayoyin. A zama na biyu za ka haɗa ruwa biyu da kowannensu ke tashi tururi, wato ruwa da sifirit, ka tace su da wuta har ka iso wurin da suka ƙi rabuwa. Wannan gaurayen shi ne aziyotirop.

Kayan da za ka tanada

- Ma'aunin zafi mai nuna kashi ɗaya cikin goma na digiri, daga −20 zuwa 110. Na batir mai tsinke ya fi. Na gilashi mai tsallen digiri ɗaya ɗaya zai yi wa gwajin tafasa da tata, amma a gwajin daskarewa kusan aikin banza ne.
- Sikeli mai auna 0.1 na giram. Ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya ya wadatar.
- Tataccen ruwa, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa. Idan babu, nemi wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka karanta jikin robar da kyau: a kasuwa da tataccen ruwa da asid duk "ruwan batir" ake ce musu.
- Ƙanƙara, gishirin kasuwa mai yawa na sanyaya wa, da gishiri mai laushi busasshe na aunawa.
- Sukari, da ɗan takin yuriya fari.
- Bututun gwaji babba da ƙarami wanda zai shiga cikin babban, bika uku ko huɗu, waya mai lanƙwasa ta motsawa, agogo, da takardar giraf.
- Na zama na biyu: filas mai zagayayyen gindi, kondansa (bututun da ke sanyaya tururi ya koma ruwa), dogon bututun rarrabewa, murfin roba, tukunyar ruwan zafi, gutsattsarin fasasshen tangaran, etanol (sifirit ɗin da za ka tace) na ɗakin gwaji, da kwalbar awo mai mililita 10 ko 25.
- Tabarau na kariya, bokitin yashi, da jiƙaƙƙen tawul.

Lissafin da kake buƙata

Ƙa'ida ɗaya ce ke ɗauke da zaman farko gaba ɗaya: ΔT = i × K × m.

ΔT shi ne yawan digirin da daskarewa ta sauka ko tafasa ta hau. Harafin m molaliti ne, wato yawan mol (awon yawan ƙwayoyi) na abin da ka narkar a cikin kilo ɗaya na ruwa. Lura, kilo na ruwan kaɗai, ba lita na haɗin ba. K lamba ce ta shi ruwan: 1.86 wajen daskarewa, 0.512 wajen tafasa. Shi kuwa i yana faɗin gida nawa ƙwaya ɗaya ke rabuwa idan ta narke. Sukari da yuriya ba sa rabuwa, i ɗinsu 1 ne. Gishiri yana rabuwa gida biyu, sodiyam da kuloraid, i ɗinsa 2 ne a takarda.

Mol ɗaya na gishiri giram 58.4 ne, na sukari 342.3, na yuriya 60.1. François-Marie Raoult, Bafaranshe, shi ya auna waɗannan abubuwa a shekarun 1880 ya fitar da dokar da ake kira da sunansa. Harafin i kuma gadon van 't Hoff ne, mutumin Holan da ya fara karɓar kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 1901. Dalilin abin a taƙaice: ƙwayoyin baƙi suna rage wa ruwa matsin tururinsa, sai ya nemi ƙarin zafi kafin ya tafasa, suna kuma hana ƙwayoyin ruwa jeruwa su zama ƙanƙara, sai ya nemi ƙarin sanyi.

Mataki na 1: Haɗa wankan sanyi

Zuba ƙanƙara a buhu ka farfasa ta da muciya ko guduma har ta zama kamar tsakuwa. Zuba awo uku na ƙanƙara da awo ɗaya na gishirin kasuwa a roba mai zurfi, ka juya. Cikin 'yan mintoci ma'auni zai wuce −10. Iyakar sanyin da gishiri da ƙanƙara za su iya kaiwa −21 ne, a lokacin da gishirin ya kai kusan kashi 23 cikin ɗari. Wannan dabara ce wasu masana'antun ƙanƙara ke amfani da ita, su jera gwangwanayen ruwa a cikin kwatamin ruwan gishiri mai sanyin da ya wuce sifili bai daskare ba.

Kada ka yi ɗokin kaiwa −21. Sanyi tsakanin −8 da −10 ya fi ba da sakamako mai kyau, don idan ya yi yawa ƙanƙara kan manne a jikin bututu tun tsakiyar ruwan bai huce ba. Nannaɗe robar da tsumma, kuma kada ka tsoma hannu: ruwan gishiri mai wannan sanyin yana ƙona fata. A lokacin bazara ka sayi ƙanƙarar da ta ninka abin da kake zato, ka ajiye a kula.

Mataki na 2: Fara da ruwa zalla

Wannan shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ke ɓata musu aikin duka. Zuba mililita 10 na tataccen ruwa a ƙaramin bututu, ka sa ma'aunin zafi a tsakiya ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba. Saka ƙaramin bututun a cikin babban, sannan ka tsoma su a wankan sanyi. Iskar da ke tsakanin bututun biyu tana sa sanyi ya shiga a hankali. Idan bututu ɗaya gare ka, naɗe shi da takardar tishu biyu ka ɗaure da roba.

Riƙa motsa ruwan da waya, sama da ƙasa, ba tsayawa, kana rubuta zafi duk bayan daƙiƙa 30. Lambar za ta yi ta sauka, sannan ta tsaya cik. Inda ta tsaya shi ne sifilin ma'auninka. Zai iya nuna 0.0, zai iya nuna 0.4 ko −0.3. Ko me ya nuna, daga nan za ka riƙa cire sauran awon, ba daga sifilin littafi ba.

Akwai abin da zai iya ruɗa ka. Sau da yawa ruwan kan zarce sifili, ya kai −3 ko −5 yana nan ruwa garau. Can sai ka ga wasu siraran allurai farare sun fantsama daga jikin wayar, cikin ƙiftawar ido bututun ya yi fari, ma'auni kuma ya yi tsalle ya dawo sama. Wannan zarcewar sanyi ce. Lambar da ya dawo ya tsaya a kai ita ce ta gaskiya, ba mafi ƙanƙantar da ka gani ba. Idan ruwan ya ƙi kamawa, jefa masa ɗan ƙwayar ƙanƙara mai tsabta kamar ƙwayar gero, ko ka karci cikin bututun da wayar.

Mataki na 3: Haɗa ruwa uku ka gwada su

Auna giram 100 na tataccen ruwa a kowace bika. Da sikeli za ka auna, ba da ido ba.

A ta farko narkar da giram 5.8 na gishiri. A ta biyu giram 5.8 na sukari. A ta uku giram 34.2 na sukari. Juya har sai babu ko ƙwaya a gindi, domin abin da bai narke ba ba ya cikin lissafi. Idan lokacin damina ne gishirin ya sha danshi, gasa shi kaɗan a busasshen kasko ya huce kafin ka auna, in ba haka ba ruwa kake aunawa da sunan gishiri.

Ɗebi mililita 10 daga kowace, ka maimaita abin da ka yi a mataki na 2. Wanke bututu da ma'auni tsakanin gwaji da gwaji, ka ɗauraye su da ɗan ruwan da za ka gwada. Ka kuma tsiyaye ruwan da ya narke a wankan sanyi ka ƙara ƙanƙara da gishiri.

A nan layin giraf ba zai kwanta sosai kamar na ruwa zalla ba. Ƙanƙarar da ke fitowa ruwa ce zalla, tana barin gishirin a baya, sauran ruwan sai ya ƙara ƙarfi, daskarewarsa ta ƙara sauka. Saboda haka lambar da za ka ɗauka ita ce ta lokacin da ƙanƙara ta fara bayyana, ko mafi tsayin da ma'auni ya kai bayan tsallen nan.

Ga abin da ya kamata ka samu. Bika ta farko molaliti 1 ce ta gishiri: lissafi ya ce 2 × 1.86 × 1 = 3.72, awo kuwa kan ba da kusan 3.4. Bika ta biyu, mai nauyi daidai da na gishirin, molalitinta 0.17 ne kawai, saukarta kusan 0.3. Nauyi ɗaya, amma tasirin gishiri ya ninka na sukari fiye da sau goma. Bika ta uku molaliti 1 ce ta sukari, za ta sauka kusan 1.9 zuwa 2.0. Wato sai da ka zuba sukari mai nauyin gishiri kusan sau shida kafin ka sami abin da ya ɗan haura rabin aikinsa.

Ratar da ke tsakanin 3.72 da 3.4 ba laifin hannunka ba ne, kada ka gyara lambar don ta yi daidai da littafi. A ruwa mai ƙarfi ƙwayoyin sodiyam da kuloraid suna janyo juna, ba sa yawo kowa shi kaɗai, shi ya sa i na zahiri kan tsaya wajen 1.8. Raba abin da ka auna da 1.86 ka fitar da naka i ɗin. A ganina wannan lissafin ya fi koyar da ɗalibi fiye da haddace 2.

Mataki na 4: Gano nauyin mol na abin da ba a faɗa maka ba

Idan kai malami ne, ba ɗalibai yuriya a takarda ba tare da suna ba. Su narkar da giram 6.0 a cikin giram 100 na ruwa. Za su ji bikar ta yi sanyi a hannu, haka yuriya take idan tana narkewa. Idan takin ya bar datti, a tace da takardar tacewa. A auna saukar daskarewa, sannan:

Nauyin mol = (1.86 × giram na abin × 1000) ÷ (ΔT × giram na ruwa)

Wanda ya sami ΔT na 1.8 zai fitar da 62, na gaskiya kuwa 60.1. Wanda ya sami 1.7 zai fitar da kusan 66. Ka ga yadda kuskuren 0.1 ke jan lissafin, shi ya sa ake gwaji sau uku a ɗauki matsakaici. Hanyar ba ta aiki da abin da ke rabuwa sai ka san i ɗinsa, kuma ba ta da amfani ga manyan ƙwayoyi irin na sitaci, don saukar ba za ta kai abin da ma'auninka zai gani ba.

Mataki na 5: Tafasa

Wannan ya fi sauƙin haɗawa amma ya fi wuyar gani, tunda 0.512 bai kai sulusin 1.86 ba. Dole haɗin ya yi ƙarfi.

Tafasa giram 250 na ruwa zalla da gutsuren tangaran biyu a ciki, ka rataye ma'auni a tsakiyar ruwan. Kada ka jira ganin 100. A bakin teku ne ruwa ke tafasa a 100, kuma duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. A Kano za ka ga wajen 98 da ɗoriya, a Jos wajen 96. Rubuta naka.

Sai ka narkar da giram 29.2 na gishiri a wani ruwan giram 250, molaliti 2 ke nan, ka tafasa. Za ka sami ƙarin kusan digiri 2. Karanta da zarar tafasar ta kankama, domin kowane minti ruwa na tafiya gishiri na zama, lambar na ƙara hawa. Rufe bikar da faranti ka bar 'yar kafa. Kan ma'aunin ya kasance cikin ruwan: tururin da ke tashi ruwa ne zalla, idan ka auna shi ba za ka ga bambanci ba. Kada kuma ya zauna a gindin bika inda wuta ke dukansa.

Af, gishirin da ake zuba wa tukunyar taliya, giram 10 a lita, ƙarinsa bai kai 0.2 na digiri ba. Ɗanɗano yake gyarawa, ba ya gaggauta dahuwa.

Mataki na 6: Dankali a ruwan gishiri

Kafin ka fara aikin ƙanƙara, yanka dankalin turawa sala uku masu tsawo ɗaya, ka auna nauyin kowanne. Sa ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwa mai giram 1 na gishiri cikin 100, ɗaya a mai giram 10. Bayan awa ɗaya ka tsane su da tishu ka sake aunawa. Na farko zai ƙara nauyi ya yi tauri, na ƙarshe zai rage nauyi ya yi laushi har ka lanƙwasa shi bai karye ba, na tsakiya ba zai motsa sosai ba. Ruwa ne ke ratsa fatar ƙwayoyin halitta zuwa ɓangaren da ƙwayoyin narkakku suka fi yawa. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya yake da kashi 0.9 cikin ɗari, daidai ƙarfin jini.

Zama na biyu: kafin ka kunna wuta

Duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa gishiri da sukari ba sa bin tururi. Etanol yana bi, har ya fi ruwa saurin tashi: a bakin teku yana tafasa a 78.4. Hankali zai ce idan aka yi ta tacewa za a kai ga etanol zalla. Ba a kaiwa.

Etanol yana kama wuta, kuma harshen wutarsa shuɗi ne da ba a cika gani da rana ba. Kada filas ya hau wuta kai tsaye. Sa shi a tukunyar ruwan zafi, a kan murhun lantarki idan akwai. Idan risho ko gas ne kaɗai, kai ƙarshen kondansa nesa da wutar, ka buɗe tagogi. Sifirit ɗin kemis an gauraya shi da metanol, guba mai makantarwa da kisa, kuma tata ba ta raba su yadda za a amince. Duk abin da ya fito daga wannan aiki ba na kai wa baki ba ne. Sifirit ɗin kemis zai nuna maka yadda ma'auni ke tafiya, amma lambobinsa ba za su dace da na ƙasa ba.

Mataki na 7: Koyi auna ƙarfin etanol da sikeli

Auna busasshiyar kwalbar awo, cika ta zuwa layi, sake aunawa, cire nauyin kwalba, ka raba da mililita. A digiri 20, ruwa zalla 0.998 ne, etanol zalla 0.789. A tsakani, bisa nauyi: kashi 20 na etanol 0.969, kashi 50 0.914, kashi 70 0.868, kashi 80 0.843, kashi 90 0.818, kashi 95 0.804.

Ɗakunanmu sun fi digiri 20 zafi, kuma etanol yana kumbura da zafi, ƙarin digiri goma na rage masa kusan 0.008. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka ɗauka ka sami kashi 98 alhali 95 ne. Tsoma kwalbar a ruwa mai digiri 20 na minti goma kafin ka daidaita layi, ka goge jikinta ka auna.

Ka kuma bambanta kashi na nauyi da kashi na awon mililita. Abin da ke jikin kwalba, 96%, yawanci na mililita ne, kusan kashi 94 ke nan a nauyi. Don ka ga dalili, haɗa mililita 50 na etanol da 50 na ruwa: wajen 96 za ka samu, ba 100 ba, kuma haɗin zai ɗan yi ɗumi.

Mataki na 8: Tata ta farko

Haɗa giram 40 na etanol da giram 160 na ruwa, ka zuba a filas mai mililita 500 da gutsattsarin tangaran. Filas kada ya wuce rabi. Ɗora bututun rarrabewa a kai. Idan babu mai ƙwallayen gilashi, cusa soson ƙarfe na wanke-wanke, marar sabulu, sako-sako a dogon bututun gilashi, ka naɗe shi da tsumma. Kan ma'aunin zafi ya tsaya daidai bakin da tururi ke juyawa zuwa kondansa.

Ruwan sanyaya kondansa ta ƙasa yake shiga ya fita ta sama. Idan famfo ba ya zuwa, ɗora bokiti a kan tebur mai tsayi ka ja ruwa da tiyo, wani bokitin ya tara a ƙasa, ka riƙa mayarwa kana jefa ƙanƙara. Bakin da ruwan tata ke fita a buɗe yake zama. Kayan tata da aka toshe ko'ina fashewa suke yi. Idan ka manta tangaran, kashe wuta ka bari ya huce kafin ka jefa, in ba haka ba ruwan zai yi ambaliya.

Ɗaga zafi a hankali. Za ka ga zoben danshi yana hawa bututun sannu sannu, idan ya taɓa ma'auni lambar ta yi tsalle zuwa wajen 78, ko ƙasa da haka da digiri ɗaya zuwa uku gwargwadon tudun garinku. Riƙe wuta yadda ɗigo ɗaya zai riƙa faɗowa a daƙiƙa ɗaya ko biyu. Gaggawa ita ce babbar mai ɓata tata: tururi mai gudu yana kwaso ruwa ya wuce da shi. Tara mililita goma goma a kwalabe daban, kana rubuta zafin kowace. Da ma'auni ya fara hawa da sauri, etanol ya kusa ƙarewa, sai ka kashe. Kada ka taɓa bari filas ya ƙafe.

Auna kwalaben. Da bututu mai kyau ta farko za ta kai kashi 85 zuwa 90. Ba tare da bututun rarrabewa ba, da wuya ta wuce 65 zuwa 70.

Mataki na 9: Inda abin ke cijewa

Haɗa kwalaben da suka fi ƙarfi ka sake tacewa. Za ka ga ƙari, amma kaɗan. Sake kuma, ƙarin ya ƙara raguwa. Duk tsawon bututunka da haƙurinka, ba za ka wuce kashi 95.6 na nauyi ba. A nan gaurayen ke tafasa a 78.2, ƙasa da etanol zalla da ruwa zalla duka, kuma tururin da ke tashi yana da haɗi iri ɗaya da ruwan da ke filas. Tata tana aiki ne idan tururi ya bambanta da abin da ya baro. Idan sun zama ɗaya, kamar tankaɗe gari ne da rariyar da idonta ya fi garin girma, abin da ka zuba shi za ka kwashe.

Hanya mafi sauri ta nuna wannan: zuba mililita 100 na etanol ɗin kwalba, 96%, a busasshen filas ka tace rabinsa. Ma'auni zai kafe wuri ɗaya kamar abu zalla ne ke tafasa. Auna wanda ya fito da wanda ya rage bayan sun huce, za ka tarar kusan babu bambanci. Darasi a nan shi ne tsayuwar ma'auni ba hujja ba ce cewa abu zalla ne.

Dalilinsa: jan da ke tsakanin ƙwayar ruwa da ta etanol bai kai yadda dokar Raoult ta ɗauka ba (ita ta ɗauka daidai yake da jan kowacce da 'yar uwarta), sai ƙwayoyin su fi saurin tserewa, matsin tururi ya haura lissafi, tafasa ta sauko. Isofurofanol, sifirit ɗin goge fata, haka yake: shi kaɗai 82.6, da ruwa kuwa yana cijewa a kusan kashi 88, digiri 80.4.

Akwai masu yin akasi, inda ƙwayoyin ke riƙe juna da ƙarfi har tafasa ta haura ta kowannensu. Asid na HCl da ruwa suna tsayawa a kashi 20.2, digiri 108.6. Asid naitirik yana tsayawa a kashi 68, wajen digiri 120, shi ya sa kwalbarsa mai ƙarfi ta ɗakin gwaji take ɗauke da lamba kusa da wannan. Waɗannan biyun a allo za ka koyar da su, sai fa idan kana da akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki.

Mataki na 10: Cire sauran ruwan ba da tata ba

Tunda wuta ta gaza, sai a nemo abin da zai kama ruwan.

Mafi tsabta su ne ƙwallayen ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan kafofi, masu lamba 3A. Kafofinsu suna ɗaukar ƙwayar ruwa, ta etanol kuwa ta fi su girma. Gasa su a tanda mai digiri 250 zuwa 300 na awa uku, su huce a rufaffiyar kwalba. Suna shan ruwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu. Mililita 100 na aziyotirop na ɗauke da ruwa wajen giram 3.5, don haka zuba giram 25 zuwa 30, ka toshe, ka bari ya kwana. Don ka san ko sun gasu, sa 'yan ƙwaya a cokali ka ɗiga ruwa: masu kyau za su yi zafi nan take.

Idan babu su, ɗanyen laim, wato kalsiyam oksaid (CaO), yana yi. Zuba giram 25 a mililita 100, ka dafa da kondansa a tsaye na 'yan awanni yadda tururi zai riƙa komawa, sannan ka tace. Ana kaiwa kusan kashi 99.5. Laim da ya daɗe a buɗe ya riga ya sha danshin iska, ba zai yi komai ba. A tsofaffin littattafai za ka ga ana ƙara benzin a tace. Kada ka bi wannan, yana jawo sankarar jini.

Ga wanda ba shi da ko ɗaya, akwai gwajin da aji ke so. Zuba mililita 50 na isofurofanol mai kashi 70 a kwalba, ƙara giram 10 na gishiri, toshe ka girgiza na minti ɗaya, ka ajiye. Ruwan zai rabu hawa biyu da layi a tsakani, na gishiri a ƙasa, sifirit a sama. Ɗigon kalar abinci yana fito da layin sosai. Na saman bai bushe sarai ba, amma ka raba su ba da wuta ba. Gishirin girki ba ya yi wa etanol haka, shi sai da fotasiyam kabonet.

Don tabbatar da bushewa, gasa shuɗin kofa salfet a kasko har ya koma fari, ya huce a rufe. Zuba ɗan kaɗan a bututu biyu busassu, ɗaya da etanol ɗin kwalba, ɗaya da wanda ka busar. Na farko zai fara komawa shuɗi, na biyu zai zauna fari. Busasshen etanol yana zuƙar danshin iska da sauri, musamman da damina, don haka ka ajiye shi a kwalba mai murfi gam da 'yan ƙwallayen 3A a gindi, ka rubuta suna da kwanan wata a jiki. Ragowar sifirit a tara a kwalba ɗaya mai alama nesa da wuta, ruwan gishiri da na sukari kuwa a zubar a kwata a bi da ruwa.